Kanar Napier Ya San Muryar Karensa

Allah ya yi wa garin Tolliver baiwa iri-iri. Ya zuba masa kwal a ƙarƙashin duwatsu, ya ba shi taba a gonaki, da ya duba ya ga har yanzu da sauran gurbi, sai ya cike shi da Kanar Thurman Napier. Kaf gabashin jihar Kentucky ba a taɓa yin masanin karen farautar rakun, 'yar dabbar dajin nan mai yawon dare da hawa bishiya, kamar Kanar ba. Wannan kuwa ba jita-jita ba ce, daga bakinsa muka ji, kuma ba sau ɗaya ba.

Kanar bai taɓa sa kakin soja ba. Shekara ashirin ya yi yana kiran gwanjon shanu a kasuwar Asabar, a ƙasar nan kuma duk mai kiran gwanjo Kanar ake ce masa. Sauran masu gwanjo sukan bar sunan a bakin kasuwa idan an tashi. Shi ya ɗauko nasa ya taho da shi gida, ya sa aka rubuta masa a akwatin wasiƙa da ƙofar a-kori-kurarsa. Har matarsa Maudie, wadda ta san shi tun yana yawo ba takalmi, Kanar take ce masa in tana so a ci abinci lafiya.

Fadarsa barandar shagon dusa ce. Nan yake zama kullum da hantsi, a kujerar da ba wanda ya ba shi amma ba mai ƙarfin halin zama a kanta, tumbi a gaba, farar malafa a ka, yana yi wa jama'a bayanin kunnensa.

"Ku ido kuka sani," yakan ce. "Ni kunne Allah ya ba ni. A ɗora ni a kan dutse cikin duhu, kare ya buɗe baki mil biyu daga inda nake, zan gaya muku shekarunsa, in gaya muku ubansa, in gaya muku kakansa na wajen uwa. In iska ta yi mini adalci, har rakun ɗin da yake bi zan gaya muku namiji ne ko mace."

Saboda haka 'yan baranda suka naɗa shi Kunnen Zinariya. A bayan idonsa aka fara, amma da ya ji sai ya karɓa hannu bibbiyu, har ya ce da ma ya daɗe yana mamakin jinkirin da aka yi. Ganin sunan ya lalace a hannunsu, sai suka koma ce masa Alƙalin Haushi. Wannan ma ya ce ya dace.

Duk wannan ɗaukaka a jikin kare ɗaya take rataye, Sanata. Baƙi ne mai jan ƙafafu da jar gira, dogo, kunnuwa suna reto, gashi yana sheƙi kamar takalmin zuwa coci. Takardar asalinsa mai ɗauke da kakanni bakwai tana cikin gilashi a bangon falo, daidai inda hoton auren Kanar da Maudie yake a da. Kofuna goma sha ɗaya ya ci, duka a gasar da ake ɗora kare a kan tebur ya tsaya ƙyam a yi ta kallonsa. Wajen tsayuwa kam ba a taɓa ganin na biyunsa ba. Naman sa yake ci, gaban mota yake shiga, kuma daga jihohi uku ake kawo masa karnuka mata barbara. Shekara huɗu ke nan rabonsa da daji.

"Kare irin wannan ba na ƙaya da taɓo ba ne," in ji Kanar. "Shi aikinsa ya ba da jini. In ya faɗa rami ya karya ƙafa, wa zai share wa ƙasar nan hawaye?"

Game da 'ya'yan Sanata kuwa, Kanar yana da ƙa'ida mai sauƙi da adalci. Kwikwiyo in ya yi kyau, jinin uba ne. In ya lalace, uwarsa ce. In uwar ba ta da laifi, mai shi ne ya ɓata shi. In mai shi yana tsaye a wurin kuma ya fi Kanar ƙwanji, to ruwan rijiyar gidan ne. Da wannan ƙa'ida, Sanata bai taɓa haifar banza ba ko guda ɗaya.

Ana nan cikin wannan ni'ima, wata kaka bayan an sare masara, Ottie Caudill ta sauko daga kwarin Laurel Fork tana neman Kanar. Ottie matar marigayi Lonzo Caudill ce, siririyar tsohuwa mai shekara sittin da 'yan kai, ba ta da yawan magana. Lonzo ya yi shekara arba'in yana riƙe da jini ɗaya na karnuka, tun daga wata karya da ubansa ya ba shi ranar aurensu. Ya rasu ya bar mata gida da bindiga da Dolly. Dolly ce ta ƙarshe a zuriyar, shekararta takwas, bakinta duk furfura. Ga shi lokacin barbararta ya zo, likitan dabbobi kuma ya ce wannan karon kaɗai ya rage mata, kwana biyar ko shida ne a hannu. In an dace da uba, muryar karnukan Lonzo za ta ci gaba da tashi a kwarin. In an yi kuskure, ta ƙare ke nan. Abin ya hana Ottie sukuni, don a ganinta in ta ɓata wannan tamkar ta sake binne mutumin ne.

Ita ma takarda ta ɗan ruɗe ta, kada a yi mata ƙarya. So take ta ba Dolly mafi girman da ake da shi, kuma kowa ya ce Sanata ne mafi girma. Ba ta tsaya ta lura cewa wannan kowa ɗin duk a baranda ɗaya ya ji ba.

Kanar ba ya yarda a kawo masa karya haka siddan, sai ya je da kansa ya ga ko ta cancanta. Ya hau Laurel Fork da yamma, ya durƙusa da ƙyar a gaban Dolly. Ya ja kunnenta ya ga ko zai taɓa kan hancinta. Ya ɓamɓare bakinta ya leƙa ganɗa ko baƙa ce. Ya auna wutsiya da taƙi, ya sake aunawa, sannan ya yi doguwar ajiyar zuciya irin ta likitan da ya zo a makare.

"'Yar'uwa Ottie, ba zan ɓoye miki ba, don Lonzo mutumina ne, Allah ya jiƙansa, sau da yawa na ba shi shawara." Lonzo dai in ya hango Kanar a hanya, tsallakawa yake yi ɗaya gefen. "Kunnen nan ya gaza da yatsa guda. Ganɗa ba ta yi baƙi ba. Ga shi ba takarda. Amma saboda halin da kike ciki, Sanata zai rufa mata asiri. Jininsa yana da ƙarfin da zai wanke duk wannan."

Dolly ta karɓe kunnenta ta koma ƙarƙashin baranda.

Ottie ta zuba masa wake da burodin masara, ta tsiyaya masa gahawa. Ya cinye, ya yarda a ƙara masa don kada ta ji kunya. Sai da ya kai tsakiyar kwano na biyu ta ce, "Na gode, Kanar. Sai dai Lonzo yana da al'ada. Ba ya ba da karya sai ya ga 'ya'yan karen da idonsa, sannan ya bi karen daji ya ji shi, ya ɗaga fitila ya ga abin da ke kan bishiya. Ni ma hakan zan yi."

Cokalin Kanar ya tsaya a hanya. "Ki gwada Sanata? Baiwar Allah, daga Ohio ake tahowa cikin dare da rana, ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce a gwada shi. Ga takarda, ga kofuna, ga ni!"

"To ba komai," in ji ta, tana kwashe kwanuka. "In an tambaye ni a coci sai in ce ka ce ba ya shiga daji."

"Wa ya ce ba ya shiga?"

Haka aka tsayar da magana. Gobe da rana a ga 'ya'ya, jibi da dare a ji uba.

Gidan farko na Dewey Begley ne, ɗaya daga cikin 'yan baranda, ƙaton mutum mai fara'a. Tun daga bakin hanya suka jiyo haushi. Ɗan Sanata ne, ɗan shekara biyu, kyakkyawa kamar ubansa, ya ɗora ƙafafun gaba a jikin turken lantarki yana kallon sama yana haushi kamar ransa zai fita. Ottie ta ɗaga kai. Ba komai a sama sai waya.

"Tun asuba yake nan," in ji Dewey. "A daji ma haka yake yi. Duk bishiyar da ta burge shi sai ya rungume ta. Bana kaɗai na hau bishiya ta fi arba'in, ko gashin rakun ban gani ba. Dubi gwiwoyina."

Kanar bai dubi gwiwoyin ba. Ya juya ga Ottie fuska cike da alfahari. "Kin gani? Ƙaunar bishiya ke nan! Ba a koyar da ita, a jini take. Rakun ya hau nan, ko makon jiya ne ko wancan. Hancin yaron ne ya yi tsawo har yana jin abin da ya wuce."

"Kanar, shekaranjiya fa aka kafa turken nan," in ji Dewey.

"To a dajin da aka saro shi ya hau."

A gida na biyu ba su tarar da kare ba sai sarƙarsa. 'Yar Sanata ce, ta ga barewa ranar Litinin ta bi ta, kuma jiya aka bugo waya daga gundumar gaba cewa an ga wucewarsu. Kanar ya buga cinya ya ce numfashi ke nan, irin na kakanta.

Na uku a falo suka same shi, a kan darduma, kusa da murhu. Mai gidan, wata malamar makaranta da ta yi ritaya, ta ce kare ne mai hankali, ba ya sata, ba ya cizo, illarsa ɗaya ce. In duhu ya yi ba ya taka waje, kuma in aka kashe fitila kuka yake yi sai an kunna. Nan Kanar ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce ai da ma ya faɗa, uwar yaron nan ba ta da zuciya.

"A wurinka fa na sayi uwar, Kanar," in ji malamar. "Da takardarta."

Kanar ya tambaye ta yaushe rabon da a yashe rijiyarta.

Ottie ta koma gida jiki a sanyaye. Ta zauna a bakin baranda, Dolly ta ɗora kai a ƙafarta. Kwana biyu sun tafi. Ta dai lallashi kanta cewa mutane sukan ɓata kwikwiyo, ta sha gani, kuma ba a yanke wa uba hukunci sai an ji ta bakinsa.

Ba a sakin kare shi kaɗai ranar gwaji, sai da abokin tafiya, kuma ana bukatar wanda ya san dajin. Don haka ta aika wa Arlis Fugate, abokin farautar Lonzo da ke bayan dutse, tsohon mahaƙin kwal mai tari da tabar taunawa a kumatu. Ya zo da karensa Biskit, wanda Ottie ba ta taɓa gani ba. Gajere ne mai launin laka, kunne ɗaya a yage, haƙarƙari ana ƙirgawa. Wani ne ya yar da shi a bakin mahaƙa yana kwikwiyo. Dewey ma ya biyo su, ya ce shi gwiwoyinsa ne suka ce lallai ya zo ya ga uban.

Suka haɗu a bakin gonar masara, kusa da rafi, bayan duhu ya gama sauka. Kanar ya iso cikin sabon takalmin roba, sabuwar fitilar goshi ɗaure a kan farar malafa, ƙahon kiran kare a wuya. Ya haska Biskit daga kai zuwa wutsiya.

"Wannan kuma mene ne?"

"Kare ne, Kanar," in ji Arlis.

"Wa ya gaya maka?"

Ya buɗe ƙofar mota ya sauko da Sanata kamar yana sauko da amarya. Sanata ya dubi duhu, ya dubi mota, ya dubi Kanar. Aka kwance igiyoyi. Biskit ya sunkuyar da kai ya ɓace cikin karan masara. Sanata ma ya bi bayansa, bayan Kanar ya ɗan taimaka masa da gwiwa.

Mutanen huɗu suka hau wani tudu, tafiyar da ta sa Kanar haki, suka zauna a kan gungume suka kashe fitilu. Daga nan aikin na kunne ne. Kowa ya yi shiru, kuma duk wanda ya ji muryar karensa shi zai kira sunansa. Mafarauci yana iya manta ranar haihuwar matarsa a yafe masa, amma ba a yafe wa wanda bai san muryar karensa ba.

Ba a jima ba wani sauti ya taso daga bakin rafi, siriri, mai tsini, kamar ƙofar da ta shekara ba mai. Ya yi sau uku ya ɗauke.

Kanar ya fashe da dariya har gungumen ya motsa. "Arlis, Arlis! Allah ya ba ka haƙuri. Kun ji ko? Wannan ita ce muryar rashin asali. Ba ƙirji, ba zuciya, daga hanci take fitowa. Ina jin tsoro a cikinta, ina jin lalaci, kuma ina jin kakansa karen ɗakin girki ne. Ruwan sanyi ya taɓa, shi ne yake kiran uwarsa. Na rantse, da ni ke da kare mai wannan murya, gobe da safe zan wasa wuƙa in fiɗiye shi da hannuna, don kada ya ɓata wa ƙasa iri. Amana ce a wuyan duk mai kishin karnuka."

Arlis ya tofar da ruwan taba.

Sai ga wata murya ta tashi daga can cikin kwari. Ta fara daga ƙasa, mai kauri, ta ja, ta hau, ta cika tsakanin duwatsun nan biyu, ta sauka a hankali. Kafin ta gama mutuwa wata ta biyo ta. Kare ne ya kama sawu, kuma sawun sabo ne. Ottie ta kasa kunne. Rabonta da irin wannan tun Lonzo yana da ƙafar hawa dutse, lokacin da takan zauna a baranda da bargo ta saurari karnukansa har su haye tudu. Hawaye suka zubo mata, ta gode wa Allah da aka kashe fitilu.

Kanar ya miƙe tsaye ya cire malafa ya dafe ƙirji da ita. "Sanata!" ya kira, da muryar gwanjo. "Sanata ya kama! Ku saurara, jama'a, ba kullum ake samun wannan ba. Kun ji wancan zurfin? Na ubansa ne. Kun ji yadda take lanƙwasa a ƙarshe? Wannan kakarsa ce ta Tennessee, ko a kabari na ji zan gane. Kakanni bakwai ne suke magana da baki ɗaya. Namijin rakun ne, tsoho, ya nufi rafi zai yaudare shi. Ina! Ba a yaudarar takarda."

Muryar ta gangara ta bi rafi, ta yi shiru na ɗan lokaci, ta sake tashi a ƙetare. Kanar yana biye da ita da sharhi, ba ta juya ba sai ya ce da ma ya san za ta juya. Can sai ta canja. Doguwar ta yanke, gajeru suka fara zuwa a jere, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana saran itace, kuma daga wuri ɗaya.

"Ya ɗora shi a bishiya!" Kanar ya juyo ga inuwar Ottie. "'Yar'uwa Ottie, ga amsarki. Duk matar da ta ji muryar nan da kunnenta sannan ta kai karyarta wani wuri, ta ci amanar mijinta. Ni Kanar Napier na faɗa. Dewey, kai ne shaida."

"Na shaida," in ji Dewey.

Ottie ta goge ido da bakin mayafi. Ta manta da turken lantarki, ta manta da barewa. "Na ji, Kanar," ta ce. "Mai muryar nan zan ba Dolly."

Dewey ya zunguri Arlis. "Kai ba za ka kira naka ba?"

"Kanar ya riga ya kira duka biyun," in ji Arlis. "Me ya rage mini?"

Suka kunna fitilu suka nufi haushin. Kanar ne a gaba, don ya ce bai kamata wani ya riga shi taya Sanata murna ba. A rafi ya taka dutse mai gansakuka ya zauna cikin ruwa har ƙugu. Sabon takalmi ya cika, kowane taku sai ya yi magana. A hawan ƙetare ƙaya ta karɓi malafa, da aka ƙwato ta ba ta ƙara zama fara ba. Ottie tana biye a hankali, riƙe da sandar Lonzo, ba ta ko haki.

Suka iso gindin wata ƙatuwar bishiya a gefen dutse. Kare ɗaya ne a wurin. Ya kafa ƙafafun gaba a jikin bishiya, kai a sama, yagaggen kunne yana rawa, jiki sharkaf da ruwa da laka. Muryar kakanni bakwai tana fitowa daga bakin Biskit, kowa yana kallo. Ottie ta ɗaga fitila ta bi rassa da ita. A can sama, a wata gwafa, idanu biyu suka ƙyalla, ga wutsiya mai zobba tana lilo.

Da wani mutum ne, da sai ya nemi ƙasa ta tsage. Amma Kanar ba wani mutum ba ne. Ya zagaya bishiyar, ya haska ciyawa, ya gyaɗa kai.

"Kamar yadda na zata. Sanata ya ɗora shi, ya bar wa wannan gadi, ya wuce neman na biyu. Manyan karnuka ba sa tsayawa jiran yabo. Shi kuma wannan kwaikwayo yake yi. Ƙaramin kare in ya yi awa ɗaya kusa da babba yakan ɗauki muryarsa, an sha rubuta wannan."

Ottie ta daɗe tana kallon Biskit. Ta ce a bar rakun ɗin ya kwana, ba don shi aka zo ba. Arlis ya sa wa karensa igiya, ya shafa kansa sau ɗaya, suka juyo.

A bakin gona Kanar ya fuskanci duwatsu ya busa ƙaho. Ya saurara, ya sake busawa, ya ce yana jiyo shi can nesa, mil uku ko huɗu, a kan sawu na biyu, wannan karon mace ce. Yana cikin busa na uku Dewey ya haska cikin a-kori-kura ta tagar da aka bari a buɗe.

"Kanar, ko ka rage ƙarfi? Za ka tashe shi."

Sanata yana kwance a kujerar gaba, ya miƙe daga ƙofa zuwa ƙofa, kai a kan rigar sanyin Kanar. Gashinsa yana sheƙi yadda ya zo. Ba ƙaya ko ɗaya a jikinsa, ba laka, ƙafar gaba guda ce kaɗai ta jiƙe, ita ma iya tafinta.

"Sauri ke nan," in ji Kanar, amma muryar gwanjon ta ɗan dushe. "Ya gama, ya zagayo, ya riga mu."

"Ka sa shi ya yi magana, Kanar," in ji Ottie. "Sau ɗaya kawai. Na yi alkawari ga murya, ina so in san ta wace ce."

Kanar ya ce kare ya gaji. Ottie ta ce za ta jira. Kanar ya ce ba a tashin babban kare daga barci. Dewey ya ce shi shaida ne, kuma shaida ba ya tafiya gida da rabin magana. Da ba yadda zai yi, Kanar ya buɗe ƙofa, ya kama abin wuyan Sanata ya jawo shi. Sanata ya turje, ya zame, ƙafafunsa suka sauka cikin raɓa mai sanyi. Ya ɗaga kai ya buɗe baki.

Siririya ce, mai tsini, daga hanci. Sau uku ya yi, daidai yadda aka ji a bakin rafi, sannan ya koma mota da tsalle ɗaya.

Ba wanda ya yi dariya, sai Dewey da ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ottie har ta ji tausayin karen, don shi bai taɓa cewa shi mafarauci ba ne. Ta juya ga Arlis.

"Ka kawo Biskit da sassafe, kafin rana ta ɗaga. Kanar ne ya zaɓa mini shi, ba zan ci amanar mijina ba." Sannan ta dubi Kanar cikin ladabi. "Na gode ƙwarai. Da ba don kunnenka ba da na yi kuskure."

Kanar yana tsaye, ruwan rafi yana ɗiga daga wandonsa, ƙaho a hannu. 

Arlis ya tofar da tabarsa. Ya sa hannu a aljihu ya zaro 'yar wuƙarsa, ya buɗe ta, ya gwada kaifin a babban yatsa, ya goge ta a wando, sannan ya miƙa wa Kanar ta wajen ƙota.

"Gobe da safe ka ce ko, Kanar? In taka ba ta ci, ga tawa."